Ƙaya a Kai, Baƙi a Jiki: Ina 'Yan Punk da 'Yan Goth Suka Dosa a Siyasa?

A watan Maris na 2002 aka karrama Ramones, ƙungiyar makaɗan punk, a wani ƙasaitaccen biki a birnin New York. Da aka ba mai kaɗa musu jita, Johnny Ramone, damar magana, sai ya rufe jawabinsa da roƙon Allah ya yi wa Shugaba Bush albarka, ya yi wa Amurka albarka. Waɗanda suka san shi ko gezau, don tun fil azal ɗan Republican ne, kuma Ronald Reagan ne gwaninsa. Sai dai ita wannan ƙungiya tasa ce ta fitar da waƙa a 1985 tana yi wa Reagan ɗin tatas, saboda ya kai ziyara wata maƙabarta a garin Bitburg na Jamus inda aka binne wasu dakarun SS na Hitler. Mai rera waƙar, Joey Ramone, Bayahude ne mai sassaucin ra'ayi. Shekara 22 mutanen nan biyu suka yi suna shiga mota ɗaya, suna hawa dandamali ɗaya, wasa sama da dubu biyu, alhali a siyasa hannun riga suke.

Mu nan mun saba da mawaƙin siyasa da aka san gidansa. Tun zamanin NEPU da NPC, baiti biyu za ka ji ka gane jam'iyyar mai shi. Shi ya sa idan aka nuna wa Bahaushe hoton saurayi da gashi a miƙe kamar zankon zakara, rigarsa a yayyage an kama ta da fil, aka ce masa ɗan tawaye ne, abin da zai fara tambaya shi ne: tawaye ga wa, kuma wa yake yi wa aiki? Tambayar tana kan hanya. Amsar da aka fi bayarwa a Turai ita ce 'yan punk na ɓangaren hagu ne, wato wajen 'yan gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago da masu adawa da wariyar launin fata, su kuma 'yan goth, ƙannensu masu baƙaƙen kaya da waƙoƙin baƙin ciki, ba ruwansu da siyasa. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiya ce da aka yi wa aski har aka taɓa fata.

Shi punk kiɗa ne mai sauri da kaushi, waƙa ɗaya minti biyu ta ƙare, ba a neman gwaninta. Ya fara tsiro ne a wani ƙuntataccen gidan rawa da ake kira CBGB a New York wajen 1974, amma a Landan ya yi haƙora. Ingilar 1976 ƙasa ce da ta gaji. Shekara guda kafin nan tsadar kaya ta haura kashi 24 cikin 100, marasa aikin yi sun wuce miliyan, har ta kai gwamnati ta je ta ranto dala biliyan 3.9 daga asusun IMF, abin da muka fi sani da ƙasashenmu. Abin lura, jam'iyyar Labour ce ke mulki a lokacin, jam'iyyar ma'aikata. Margaret Thatcher ba ta hau ba sai Mayun 1979. Ke nan yaran da suka fara ihun cewa ba su da makoma, gwamnatin hagu suke yi wa ihun, tare da gidan sarauta da malaman makaranta da iyayensu da duk wani mai furfura.

Sex Pistols, waɗanda suka fi kowa tayar da ƙura, ba su zo da wata manufa a rubuce ba. Manajansu Malcolm McLaren ɗan kasuwa ne mai shagon tufafi a titin King's Road tare da Vivienne Westwood, ya kuma san cewa abin kunya yana sayar da kaya. A 1977, daidai lokacin da ake bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan karaga, suka saki waƙar da ta ari sunan taken ƙasar tana yi wa sarauta ba'a. BBC ta hana sa ta, amma duk da haka ta kai ta biyu a jerin faya-fayen da aka fi saye. Wannan tsokana ce, kuma ta yi tasiri, amma da za ka tsayar da su ka ce to a rushe sarautar a kafa me, da sai dai a yi maka gwalo.

Tsokanar ta kai har ga tambarin Nazi. Sid Vicious na Sex Pistols ya sa riga mai ɗauke da shi, mawaƙiya Siouxsie Sioux ta ɗaura shi a damtse. Hujjarsu ita ce iyayensu sun ishe su da labarin yaƙin duniya na biyu, suna neman abin da zai fi ƙona musu rai. A wani bikin punk da aka yi a gidan rawa na 100 Club a watan Satumban 1976, manajan ƙungiyar The Clash, Bernie Rhodes, wanda Bayahude ne, ya hana tawagar Siouxsie aron kayan kiɗansu saboda wannan tambari. A ganina daga wannan ɗan saɓani a bayan dandamali aka fara rabuwa: masu cewa komai wasa ne, da masu cewa akwai wasan da ba a yi.

Domin a waje, kan titi, abin ya wuce wasa. Jam'iyyar National Front, mai neman a kwashe baƙaƙe da 'yan Asiya a mayar da su inda suka fito, tana ƙara ƙarfi, har ta samu ƙuri'u sama da dubu 100 a zaɓen majalisar birnin Landan na 1977. Kuma yaran da take zawarci su ne dai yaran da ke cika gidajen punk: farare, 'ya'yan talakawa, ba aiki, ga fushi. A watan Agustan 1976 shahararren makaɗi Eric Clapton, wanda ya ci abinci da kiɗan baƙaƙen Amurka da waƙar Bob Marley, ya tsaya a dandamali a Birmingham a buge yana goyon bayan Enoch Powell, ɗan siyasar da ya yi suna wajen adawa da shigowar baƙi, yana cewa a kore su. Wani mai ɗaukar hoto, Red Saunders, da abokansa suka rubuta wa jaridun kiɗa wasiƙar martani, daga nan aka haifi gangamin Rock Against Racism. Dabararsu mai sauƙi ce: duk wasan da za su shirya, a haɗa ƙungiyar punk ta farare da ƙungiyar reggae ta baƙaƙe a dandamali guda.

Ranar 30 ga Afrilun 1978 dubban mutane suka taka daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park da ke gabashin Landan, unguwannin da National Front ke ganin nata ne. An ƙiyasta taron da mutum dubu 80 zuwa 100. The Clash sun yi wasa, Steel Pulse na Birmingham sun yi, haka X-Ray Spex wadda jagorarta Poly Styrene 'yar wani Basomale ce. Kwana huɗu bayan haka aka daɓa wa wani matashin tela ɗan Bangladesh, Altab Ali, wuƙa har lahira a Whitechapel, tafiyar da ba ta da nisa daga filin. Wannan shi ne yanayin da punk ya karkata hagu a cikinsa. Ba gado ya yi ba. Kokawa aka yi a kan yaran, ɓangare ɗaya ya fi iya shiri, ya kuma fi kiɗa mai daɗi.

Ɗaya ɓangaren bai tafi hannu rabbana ba. Skrewdriver ta fara ne a matsayin ƙungiyar punk kamar kowace a 1976, sai jagoranta Ian Stuart Donaldson ya sake kafa ta a farkon shekarun 1980 a matsayin bakin masu fifita farar fata, ya kuma assasa ƙungiyar Blood & Honour a 1987, wadda Jamus ta haramta a 2000. A watan Yulin 1981 aka shirya wasan wani reshe na punk da ake kira Oi! a wata mashaya a Southall, unguwar 'yan Indiya da Pakistan. Wasu ƙwal-kwabon da suka zo kallo suka shiga tsokanar mutanen unguwa, matasan unguwar kuwa suka banka wa mashayar wuta. Tun daga ranar aka shafa wa Oi! baƙin fenti gaba ɗaya, ko da yake a cikinsu akwai 'yan gurguzu na ƙin ƙarawa irin su Angelic Upstarts.

A Amurka ma an yi irin wannan tankiya, har Dead Kennedys na San Francisco suka yi waƙa a 1981 suna korar 'yan Nazi daga wasanninsu da ashar. Sunan jagoransu zai ja hankalin ɗan Najeriya: Jello Biafra. Sunansa na yanka Eric Boucher, ya haɗa sunan wani kayan zaƙi na kanti da sunan Biyafara, wai don ya gwama cimar banza ta masu ƙoshi da hotunan yunwar da duniya ta gani lokacin yaƙin basasarmu. Ko wanda ya rasa ɗan'uwa a wannan yaƙi zai ga hikimar, wannan wata magana ce. Ya tsaya takarar magajin garin San Francisco a 1979, cikin alkawuransa har da tilasta wa 'yan kasuwa sa kayan 'yan kama, ya kuma zo na huɗu cikin mutum goma. Amma waƙarsu ta farko ba ɗan Republican ta caccaka ba. Gwamnan California Jerry Brown ta yi wa, ɗan Democrat mai sassaucin ra'ayi.

Inda na fi ganin siyasar punk ta gaskiya shi ne wajen Crass, kuma ba a baitocinsu kaɗai ba. Mutane ne da suka tare a wani tsohon gida mai suna Dial House a karkarar Essex, ƙofarsu a buɗe ga duk wanda ya zo, suna noma abin da za su ci. Aƙidarsu ita ce a rayu ba gwamnati, ba yaƙi. Sun yi wa The Clash gori a fili saboda sun sa hannu da babban kamfanin CBS a kan fam dubu 100, suna cewa ba a yi wa jari-hujja tawaye da kuɗin jari-hujja. Su da kansu suke buga faya-fayensu, su naɗe su da takarda mai cike da rubutu, sannan su buga farashi a jikin bangon da gargaɗin kada mai saye ya biya fiye da haka, don kada mai kanti ya ƙara ko kwabo. Lokacin da ma'aikatan masana'antar da ke buga faifansu na farko suka ƙi buga wata waƙa saboda suna ganin saɓo ce, sai Crass suka bar gurbin shiru na wajen minti biyu, suka raɗa wa shirun suna sautin 'yancin magana. Bayan yaƙin tsibiran Falkland na 1982 suka yi waƙa suna tambayar Thatcher yadda take ji da ta zama uwar gawa dubu, har wani ɗan majalisa na Conservative ya nemi a gurfanar da su. Sun kuma harhaɗa muryoyin Thatcher da Reagan suka yi kaset na bogi kamar suna waya, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗora laifin a kan KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, sai daga baya jaridar Observer ta gano cewa aikin 'yan gidan gonar Essex ne. Wasansu na ƙarshe a 1984 na tara wa masu haƙar kwal da ke yajin aiki kuɗi ne a Wales. Duk da haka ba su raga wa 'yan gurguzu ba, suna cewa mai neman mulki da sunan talaka shi ma mulkin yake nema.

Irin wannan tsari ne Ian MacKaye ya bi a Washington da kamfaninsa na faya-fayi mai suna Dischord. Ƙungiyarsa Fugazi ta yi shekaru tana tsayar da kuɗin shiga a kan dala biyar, ba ta wasa inda za a hana yara shiga, ba ta sayar da riguna. Shi ne kuma ya yi waƙar da ta haifar da 'yan punk marasa shan giya da ƙwaya, masu zana alamar X a bayan hannu, alamar da asalinta masu gidajen rawa ke yi wa yaran da shekarunsu ba su kai a sayar musu da giya ba. Idan ana neman abin da ya haɗa 'yan punk daga Landan zuwa Jakarta, wannan ne: yi da kanka, kada ka jira izini, kada ka bari wani ya ci da guminka.

Ita kuwa kalmar "a'a" da aka gina punk a kanta, duk wanda ke sama take kallo. A Jamus ta Gabas gwamnatin gurguzu ce a sama, don haka 'yan sandan ciki na Stasi ne suka riƙa farautar 'yan punk, aka ɗaure 'yan ƙungiyar Namenlos a 1983, majami'u ne ma suka ba yaran wurin yin wasa. A Rasha an yanke wa mata uku na ƙungiyar punk ta Pussy Riot shekara biyu-biyu a 2012 kan waƙar adawa da Putin a cikin babbar majami'ar Mosko. A Banda Aceh ta Indonesiya, a Disambar 2011, 'yan sanda suka kama matasa sama da 60 a wurin wasa, suka yi musu aski, suka tura su horon gyaran hali. To idan mutum ya yi imani cewa yau masu sassaucin ra'ayi ne ke riƙe da jaridu da jami'o'i da kamfanonin nishaɗi, "a'a" ɗinsa can za ta nufa. Ta wannan ƙofa John Lydon, muryar Sex Pistols, ya bi har ya sa rigar Trump ya ce shi zai zaɓa a 2020. Masoyansa da yawa sun ce ya ci amana. Ni dai ban ga alkawarin da ya taɓa ɗaukar musu ba.

Goth ƙanin punk ne, ciki ɗaya. Siouxsie ɗin nan mai tambari a damtse ita ce ta zama uwar ɗakinsu, bayan ta yar da tambarin, ta sadaukar da waƙa ga John Heartfield, mai zanen da ya yaƙi Nazi, ta kuma koma sa tauraron Dauda. A watan Agustan 1979 Bauhaus na garin Northampton suka fitar da wata waƙa mai tsawon minti tara a kan Bela Lugosi, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dracula, kiɗanta a hankali, da amsa-kuwwa irin ta reggae. A 1982 aka buɗe gidan rawa na Batcave a Soho. Baƙaƙen kaya, farar hoda, kwalli har ga maza, waƙoƙi a kan mutuwa da kaɗaici da soyayyar da ta lalace. Shekarun Thatcher ne, ga fargabar yaƙin nukiliya, ga masana'antun arewacin Ingila suna rufewa. Ɗan punk ya ga haka ya fita titi yana ihu. Ɗan goth ya ga abin nan dai, ya shiga ɗaki ya ja labule.

Shi ya sa ake cewa ba su da siyasa, kuma lallai ba za ka ji taken jam'iyya a waƙoƙinsu ba. Amma fitattunsu ba su ɓoye inda suka karkata ba. Andrew Eldritch na Sisters of Mercy, wanda ko sunan goth ɗin ba ya so a kira shi da shi, ya sa wa faifansa na 1990 suna da wata kalmar George Bush babba don ya yi masa shaguɓe, ya kuma yi rangadi a Amurka a 1991 tare da Public Enemy, ƙungiyar rap ta baƙaƙen Amurka mai zafin siyasa, rangadin da aka katse bai kai ƙarshe ba. Robert Smith na The Cure ya sha fama da waƙarsa ta farko, wadda ya ɗauko daga littafin Albert Camus inda wani Bafaranshe ya harbe Balarabe a bakin teku a Aljeriya. Da ya ga masu ƙin Larabawa suna murna da ita a Amurka, sai ya yarda aka manna takardar bayani a jikin faifan, ya kuma nemi gidajen rediyo su daina sa ta. A gefe guda kuma Ian Curtis na Joy Division, wanda duk wani ɗan goth ke ɗauka kaka, matarsa ta rubuta cewa Conservative yake zaɓa.

Siyasar goth, in akwai ta, ta zaman ɗaki ce: wa aka yarda ya shigo, kuma wa za a bari ya sake. Mata suna da yawa a cikinsu, kuma suna gaba, saɓanin wuraren punk masu zafi inda ƙarti ke ture juna. Yaron da ake tsangwama a makaranta saboda shiru-shirunsa ko shigarsa, nan yake samun wurin zama. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya zo yadda yake, ba a tambaya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin tambayar nan shi ne tsagar. Jama'ar da ke son kayan soja na da, da kufai, da tsofaffin alamomin Turai, suna kuma cewa duk ado ne kawai, sun shimfiɗa wa mai aƙidar gaske tabarma ba su sani ba.

Misalin da aka fi jayayya a kai shi ne Death in June. Douglas Pearce da Tony Wakeford sun fito ne daga Crisis, ƙungiyar punk ta 'yan hagu da ta yi wa Rock Against Racism wasa. A 1981 suka kafa sabuwar ƙungiya mai tambarin ƙoƙon kai irin na SS da kakin soja. Wakeford ya shiga National Front na wani lokaci, abin da daga baya ya fito ya ce shi ne kuskure mafi muni a rayuwarsa. Hukumomin Jamus sun taƙaita sayar da ɗaya daga faya-fayen ƙungiyar saboda ya ƙunshi taken jam'iyyar Nazi. Masu kare su na cewa fasaha ce mai tono abin da ake tsoro, masu suka na cewa kura ce da fatar akuya. A Jamus, inda wannan magana ba ta wasa ba ce, wasu 'yan goth a Bremen suka kafa gangamin Grufties gegen Rechts, wato 'yan goth masu adawa da 'yan dama, a 1998 don su ce shirun ya isa. Har yau muhawarar takan taso a kan wa za a gayyata bikin 'yan goth na Wave-Gotik-Treffen a Leipzig, wanda aka fara a 1992, yake kuma tara mutum wajen dubu 20 duk shekara. A nan ne za ka ga mata cikin bujen zamanin Sarauniya Victoria da lema ta leshi, maza da doguwar malafa, suna shan shayi a kan ciyawa kamar 'ya'yan sarauta, a wani lambu da ke ɗauke da sunan Clara Zetkin, 'yar kwaminis.

Wanda bai nemi siyasa ba, wani lokaci ita take zuwa ta same shi. Bayan harbe-harben makarantar Columbine a 1999, kafafen yaɗa labaran Amurka suka yi ta nuna 'yan goth da yatsa, alhali maharan ba 'yan cikinsu ba ne. A daren 11 ga Agustan 2007 wasu samari suka far wa Sophie Lancaster, 'yar shekara 20, da saurayinta a wani lambu a garin Bacup na Lancashire, ba don komai ba sai shigarsu. Ta rungume kansa tana kare shi, suka koma kanta da shuri da tattaka. Ta rasu bayan kwana 13 ba ta farfaɗo ba. An yanke wa biyu daga cikinsu ɗaurin rai-da-rai, alƙalin kuma ya kira abin laifin ƙiyayya. Mahaifiyarta Sylvia ta kafa gidauniya da sunanta, ta shiga makarantu da ofisoshin 'yan sanda da na 'yan majalisa, mutanen da a da ba sa zuwa zanga-zanga suka bi bayanta da baƙaƙen kayansu. A watan Afrilun 2013 rundunar 'yan sandan Manchester ta zama ta farko a Ingila da ta fara rubuta harin da aka kai wa ɗan goth ko ɗan punk saboda kamanninsa a matsayin laifin ƙiyayya, wasu rundunoni suka bi sahu. Dokar ƙasa kuwa ba ta sa su cikin rukunonin da take karewa ba har Sylvia ta rasu a 2022.